Sauro, Tsando Da Ƙudan Turke: Wa Ya Haifi Wa?

Yau gaisuwata ta musamman ce ga matan Dosara da na sauran garuruwan da ke shan ruwan Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara har Bakura. Ku da ke zaune kusa da gonakin shinkafa ba sai an ba ku labarin cizo ba.

Mu mata ai mun iya lissafin dangi. In za a aurar da yarinya sai mun bi salsalar yaron har kaka da kakanni. To su ma masana ƙwari haka suke bin dangin ƙudaje, kuma sanin dangin nan yana da amfani a tsakar gida, domin shi ke gaya miki inda kowanne ke haihuwa.

Tun a 1758 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya ware ƙwarin da ke da fukafukai biyu kacal ya sa su gida ɗaya. Fara da zuma huɗu gare su. Ƙuda da sauro biyu ne, da wasu 'yan ƙulla-ƙulla a bayansu masu daidaita musu tashi. Ashe sauro ƙuda ne! Amma kuɗin cizo da ƙwarƙwata da ƙuma, duk da jini suke sha, ba 'yan gidan ba ne. Kaska kuwa ƙafa takwas gare ta, 'yar uwar gizo-gizo ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu shan jinin nan ba ɗaki ɗaya suka fito ba. Masana sun gwada ƙirar jikinsu da ƙwayoyin gadonsu, suka gano asalin ƙudaje ya haura shekara miliyan 200, kuma shan jini ya ɓullo a rassa daban-daban fiye da sau goma. Sana'a ce ta zo ɗaya, kamar yadda za ki ga mai ƙosai a kowace unguwa alhali ba su haɗa kaka ba.

Ɗaki na farko su ne 'yan ruwa. Nan sauro yake, kuma macen ce kaɗai ke cizo, don sai da jini ƙwanta ke nuna. Namiji ruwan fure yake sha. Shi ma sauron iri-iri ne. Mai kawo zazzaɓi da tundurmi da dare yake fita, yana son ruwan kududdufi da na fadamar shinkafa, in ya sauka sai ki ga ya ɗaga gindi sama. A 1897 wani likita, Ronald Ross, ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin cikin sauro a Indiya. Akwai mai son ruwan kwatami. Akwai kuma mai zane fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ɗaukar shawara. Wannan a randarki yake haihuwa, da fasasshen kasko da gwangwani. 'Yan tsutsotsin da kike gani suna wutsil-wutsil a ruwan randa, 'ya'yan sauro ne. Ki juye ruwan, ki goge cikin randar duk mako, ki rufe bakinta, don ƙwan a jikin randar yake mannewa.

Ɗan uwan sauro na kusa shi ne ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai ƙusumbi da ke kawo makantar kogi. Shi ruwa mai gudu kan duwatsu yake nema, ba ya haihuwa a gida. Masu zuwa bakin gulbi yake samu. Tun 1987 ake ba da maganinta, Mectizan, kyauta.

Ɗaki na biyu, nan ƙudan gida yake, kuma nan ne zancen ya fi shafar mai kiwo. Kin taɓa lura da wani ƙuda a turke, sak ƙudan tuwo, amma in ya sauka a ƙwaurinki sai ki ji kamar allura? Ni dai ƙudan turke nake ce masa. Ƙudan tuwo lasa yake yi, wannan kuwa tsinin baki gare shi a gaba, mace da namiji duk suna cizo, kuma gidansu ɗaya da ƙudan tuwon. A ruɓaɓɓiyar harawa da ta jiƙe da fitsari da kashin dabba yake ƙyanƙyashewa. Ragon da kike turkewa don Sallah, in kin ga yana ta buga ƙafa ya ƙi cin dusa, ki duba ƙarƙashinsa. Gidan sauro ba zai yi miki maganin wannan ba tunda da rana yake aiki. Share turke, a kwashe takin a kai gona ko a shanya shi ya bushe.

Tsando ma a wannan ɓangaren yake, ya fi kusa da ƙudan tuwo nesa ba kusa ba a kan sauro. Shi ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, har ta kai an tashi ƙauyuka a yankin Anchau ta ƙasar Zazzau a shekarun 1930 da 1940, aka kafa garin Takalafiya. Macen ba ta saka ƙwai. A cikinta take rainon tsutsa ɗaya, tana shayar da ita wani abu kamar nono, sai ta haife ta a ƙasa mai inuwa, wajen kwana goma kuma ta sake. Ƙarancin haihuwar nan ya sa tarko ke iya rage shi ƙwarai, abin da ba ya yiwuwa da sauro mai zuba ƙwai sama da 100 a lokaci guda. In yara sun kamo wani ƙuda suna cewa tsando ne, dubi yadda ya ajiye fukafukansa: na tsando ɗaya kan ɗaya suke kwanciya, kamar almakashi a rufe.