Tsimin Kokwamba a Lokacin Hunturu

Manomin lambu a Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, kamar takwarorinsa na Tsafe da na bakin gulbin Sakkwato a Gusau, ya daɗe da sanin yadda zai yi da tumatir da kuɓewa idan kasuwa ta faɗi, domin yanka su zai yi ya shanya, ya ajiye har damina. Amma kokwamba, wadda kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne, ba ta karɓar shanya, sai dai a sayar da ita da araha ko ta yi yaushi a kwando. Alhali kuwa mutanen Masar da Sham sun daɗe da gano maganin wannan, har alhazanmu sukan tarar da ita a Makka da Madina, an tsima ta da gishiri ko da khal, ana haɗa ta da gurasa da nama.

Hanya mafi sauri ita ce ta khal, wanda hadisi a Sahihu Muslim ya yaba a matsayin mahaɗi. A auna khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da ruwa daidai wa daida, a zuba gishiri, a tafasa, a juye a kan yankakkiyar kokwamba cikin kwalba, washegari ta ciwu, illa iyaka tana bukatar firji, ga shi kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce.

A ganina hanyar gishiri ta fi dacewa da mu, saboda hikimar da ke cikinta ita ce wadda ke mayar da madara nono: waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke jikin ɓawon tun daga lambu, su ne ke cin zaƙin da ke ciki su haifar da tsami, gishirin kuma ya danne masu kawo ruɓa. Uwargida ta zaɓi ƙanana masu tauri, tsinkar safiyar ranar, ta wanke, ta ɗan yanke bakin da fure ya faɗi, domin a nan sinadarin da ke sa laushi yake taruwa. Sa'an nan ta narkar da gishiri giram 50, wato kimanin babban cokali uku, a lita guda ta tafasasshen ruwan da ya huce, ta jefa tafarnuwa da masoro da barkono da ɗan kanumfari, ta juye a kan kokwambar. Kwalba ake so, ban da tukunyar alminiyam, wadda tsami ke ci. Babban sharaɗi shi ne kada ko guda ta leƙo saman ruwa. A danne da wankakken ƙaramin faranti, a bar murfi sakwa-sakwa don iska ta fita.

Bayan 'yan kwanaki ruwan zai yi duhu-duhu, ƙananan kumfa su riƙa tasowa, kore ya juya zuwa launin zaitun. Farar yanar da ke kwantawa a sama a kwashe ta kullum. Amma idan kokwambar ta yi yauƙi ko wari, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba.

Sai dai aikin yana da lokacinsa. Ya fi kyau a yanayin da bai wuce digiri 24 ba, inda yakan nuna sosai cikin mako uku zuwa huɗu, don haka Disamba da Janairu ne watanninsa a Zamfara, a ɗaki mai inuwa kusa da randa. Wanda ya jinkirta har zafin Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, kokwambarsa za ta yi laushi tun kafin ta yi tsami.