Tiyatar gyaran gaɓar ƙugu: Shekara nawa take yi wa mara lafiya amfani?

Akwai jariran da ake haifa kwarmin ƙashin ƙugunsu bai yi zurfin da zai riƙe kan ƙashin cinya da kyau ba. Matsalar ta fi samun 'ya'ya mata, da 'yan fari, da waɗanda suka zo a zaune lokacin haihuwa. Idan ba a gano ta ba, nauyin jiki yakan taru a gefe ɗaya, guringuntsi ya ci gaba da cinyewa, har mutum ya fara ɗingishi da ciwon gaɓa tun yana matashi.

A shekarar 1984, Farfesa Reinhold Ganz na birnin Bern a ƙasar Suwizalan ya fara wata tiyata da ake yanka ƙashin da ke kewaye da kwarmin, a juya shi ya rufe kan ƙashin cinya, sannan a ɗaure da kusoshi. Manufar ita ce mutum ya ci gaba da tafiya da gaɓarsa ta asali maimakon ta ƙarfe.

Likitocin Bern sun ci gaba da bibiyar gaɓoɓi 75 na farko da aka yi wa aikin. Bayan shekara 20, kusan kashi 60 cikin 100 na nan suna aiki. Bayan shekara 30, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka rage lafiya. Waɗanda suka haura shekara 40, ko guringuntsinsu ya riga ya lalace kafin tiyatar, su ne suka fi saurin buƙatar gaɓar ƙarfe.

Ke nan tiyatar jinkirta sauya gaɓa take yi, kuma ta fi amfani idan an yi ta da wuri. Wannan na da muhimmanci ga matashi, domin ita ma gaɓar ƙarfe tana tsufa.

Masana sun lura cewa matsalar ba ta da yawa a inda ake goyon jarirai a baya ƙafafu a ware, kamar yadda iyaye mata ke yi a Jos da sauran sassan Nijeriya. Duk da haka, yaron da ke ɗingishi, ko ƙafarsa ɗaya ta fi gajarta, hoton ƙashi yake buƙata, ba ɗori ba. Ana samun likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A jaririn da bai wuce wata shida ba, sau da yawa ɗamarar da ke riƙe ƙafafu a ware takan wadatar ba tare da tiyata ba.