Warware Aure A Cocin Katolika Idan Ana Tsoron Tsohon Miji Ko Mata

Cocin Katolika ba ta yarda da saki ba. Abin da kotunanta ke yi shi ne binciken ko auren ya ƙullu tun ranar da aka ɗaura shi. Kundin dokokin Cocin na 1983 ya bayyana dalilan da ke hana shi ƙulluwa, daga ciki akwai tilastawa ko tsoro mai tsanani, da yaudara, da taɓuwar hankalin da ke hana mutum ɗaukar nauyin aure. Duka da zagi bayan biki ba sa warware aure su kaɗai, amma sukan zama shaida cewa aibin yana nan tun farko.

Wahalar da ke fuskantar matar da ta gudu daga miji mai duka ita ce, doka ta wajabta a sanar da shi cewa an kai ƙara, domin yana da haƙƙin kare kansa. Idan aka tauye masa wannan haƙƙi, hukuncin ya zama banza. To, wannan sanarwa ita ce ke tayar wa mata da yawa hankali, domin tana iya hura wutar da ta lafa.

Duk da haka dokar ba ta bar mai ƙara a fili ba. Alƙali yakan saurari kowannensu shi kaɗai, ba a haɗa su gaba da gaba. Mai ƙara tana iya naɗa wakili wanda takardu za su riƙa bi ta hannunsa, ta kuma roƙi kotu ta ɓoye inda take zaune. Sashe na 1598 ya ba alƙali ikon hana nuna wata takarda domin kauce wa babban haɗari, muddin ba a danne haƙƙin kare kai ba. Idan kuwa mijin ya ƙi amsa kira, sai a rubuta bai halarta ba, shari'a ta ci gaba.

Gyaran da Fafaroma Francis ya yi a 2015 ya ba da damar kai ƙara a inda aka ɗaura auren, ko inda ɗayansu yake zaune. Wadda ke ɓoye sabon mazauninta sai ta yi tunani kafin ta zaɓa, domin sunan kotun kansa yana iya tona garin da take. Gajeriyar hanyar shari'a a gaban bishop kuwa sai da yardar su biyun, saboda haka da wuya ta dace da irin wannan hali.

Ya kamata a sani cewa kotun Coci ba ta da 'yan sanda. Umurnin kariya da riƙon 'ya'ya aikin kotunan gwamnati ne. Kuma ba sai an jira hukunci ba kafin a tsira da rai, domin sashe na 1153 ya halatta rabuwa idan zama tare ya zama babban haɗari ga mace, ko namiji, ko 'ya'yansu.