Masu dawowa daga Yamai: kwanciyar rai a inuwar gawo

Ƴan uwa mata, a ƴan shekarun nan kusan duk ƙungiyar asusu da ke cikin gundumar Geceme ta karɓi baƙuwa wadda ba baƙuwa ba ce. Ɗiyar gari ce da ta yi shekaru a Yamai, ko Doso, ko ƙetaren iyaka, ta tattaro kayanta ta dawo. Wata mijinta ya rasu, wata aure ya mutu, wata kuwa kuɗin haya ne sunka fi ƙarfinta. Akwai waɗanda ambaliyar 2020 da ta 2024 ta rushe musu ɗaki, akwai waɗanda tsadar abinci bayan takunkumin 2023 ta koro.

In kika zauna da su, magana guda ce ke fitowa. A birni komi na saye ne: itacen girki, ruwa, kuka, har dusar akuya. Mace na kwana da lissafi, tana tashi da lissafi. Abin da sunka fara samu a gida shi ne barci.

Amma kada mu yi wa juna daɗin baki. Iskar ƙauye ba ta cika ciki. Wadda ta dawo tana iske gonar gidansu an raba, likita na da nisa, ga bakin mutane. Mun lura cewa waɗanda hankalinsu ya kwanta da gaske su ne waɗanda sunka samu abu biyu: itacen da za su mora, da ƙungiyar da za ta riƙe su.

Mu ƴan Arewa Allah Ya yi mana baiwa. A fadamar Dallol Mawri ruwa na kusa, shi ya sa rake da rogo da dankali ke yi. Ga gawo, gawasa, goruba, aduwa, kuka da tsamiya. Ki dubi gawo kawai: da damina yana zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, kuma ƙasar gindinsa ta fi ƙarfi. Da rani sai ya yi kore, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su zama abincin bisashe lokacin da ciyawa ta ƙare. Kabar goruba na zama tabarma da igiya. Ganyen kuka miya ne, in ya yi yawa kuma kuɗi ne ranar kasuwa.

Abin damuwar shi ne wannan arziki na raguwa. Amalanke na fita da itace, gatari ba ya hutawa, kuma tafiyar neman makamashi sai ƙara tsawo take yi. In dajin ya ƙare, wadda ta gudo daga sayen itace a Yamai za ta zo ta saye shi a ƙofar gidan ubanta.

Maganin ba daga nesa yake ba. A jihar Maraɗi, bayan farin 1984, manoma sunka rungumi abin da ake ce wa sassabin zamani, tare da wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo. Ba dashe ba ne, ba ya son kuɗi. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututture a ƙone, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi, uku zuwa biyar, a datse sauran da wuƙa mai kaifi, a bar su su girma. Kalgo, sabara da geza duk suna tashi ta haka. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sunka farfaɗo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin morar itacen da ya raina a gonarsa. Sai dai kafin a sare babban itace, musamman gawo, a nemi ma'aikatan gandun daji.

To mu mata, mine ne namu? Tsarin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a Maraɗi a 1991 ya koya mana cewa dala-dala ke cika akwati. Haka itace yake. Ga abin da muke shawarta wa kowace ƙungiya.

Mu karɓi mai dawowa cikin asusu tun makon farko, ko da ƙaramin zubi ne. Kada mu jira sai ta roƙa, kunya na hana ta.

Mu je tare wajen maigari ko dattawan gidansu a kan maganar gamana. Muryar mata ashirin ba ɗaya take da ta mace guda ba. In an ba ta aro, a faɗa gaban shaidu ko itacen da ta raina nata ne.

Bashin farko ya zama na abin da dajin zai ciyar: tunkiyar turka, saƙar kaba, ko sayar da kuka da tsamiya.

Kowace ɗaya ta ɗaura tsumma a tohon da ta bari, don yara da makiyaya su san mai shi na nan.

Su ma masu dawowa ba hannu biyu sunka zo ba. Da yawansu sun iya karatu da lissafi, sun san farashin kasuwannin Yamai, sun iya tura kuɗi ta salula. Ƙungiyar da ke neman mai riƙe littafi, ga ta nan zaune kusa da ku.

Sharar gona na tafe, kuma ranar 3 ga Agusta bikin dashen itace ne. A taron mako mai zuwa, bayan an rufe akwati, kowace ƙungiya ta ƙirga matan da sunka dawo a unguwarta, ta kuma tsai da yawan kututturen da kowace za ta raina bana. Allah Ya ba mu damina mai albarka.