Labaran soyayyar da suka fara ginsar masu karatu

Littattafan soyayya na Hausa sun bunƙasa a Kano tun shekarun 1980, kuma 'yan kasuwa sun kai su duk inda ake jin Hausa, har da arewacin Kamaru. Yau a waya ake karanta da yawansu. Amma ko zuma ce aka sha kullum, sai ta ginshi mutum.

Salo uku ne aka fi ƙorafi a kansu. Na farko shi ne ɗan attajiri da 'yar talakawa, wanda "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino ya juya shi a 1991, inda yarinyar ce mai gata. Na biyu shi ne muguwar kishiya mai bin bokaye. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne auren dolen da ke rikiɗewa ya zama ƙauna, kamar azabar miji ba laifi ba ce.

Amsar wannan ta fito daga Marwa, arewa da Garwa a Kamaru. Djaïli Amadou Amal, wadda aka aurar tana da shekara 17, ta rubuta "Les Impatientes" da Faransanci, kan mata uku da ake ta ce wa su yi "munyal", wato haƙuri a Fulatanci. Littafin ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020.

Masu karatu na son soyayya har gobe, amma wadda ta yi kama da rayuwar gidajensu.