Libreville bayan magariba, a idon kyamara

A Libreville rana ba ta jan jiki wajen faɗuwa. Babban birnin na Gabon yana dab da layin da ya raba duniya gida biyu, shi ya sa rani da damina, ƙarfe shida na gotawa take nutsewa a bakin ruwa, kafin a idar da sallar magariba duhu ya fara rufawa. Mai ɗaukar hoton da ya tsaya a titin bakin teku, wanda 'yan gari ke kira Bord de Mer, 'yan mintoci kawai gare shi ya kama sama tana shuɗi fitilun titi kuma suna kunnuwa.

Daga nan dare ke zaɓar masa abin da zai ɗauka, domin sai inda haske yake. A unguwar Louis, matattarar masu yawon dare, hasken allunan gidajen rawa ne ja da kore. A unguwanni irin su Akébé da Lalala kuwa, sau da yawa ƙwan fitila ɗaya ne rataye a kan teburin mai gasa nama, naman da suke kira coupé-coupé. Nan ne hoton ya fi armashi. Hayaƙi ya tashi ya ratsa hasken, garwashi ya haska haɓar mai naman daga ƙasa, hannun mai saye ya shigo da takardar sefa, tarkacen da ke bayansu kuma duhu ya haɗiye. Bahaushen da ya saba tsayawa gun mai tsire ba zai ga baƙon abu a wurin ba.

Sai ruwan sama. Libreville na samun kusan milimita 2,900 a shekara, wajen ninki uku na abin da Kano ke samu. Da kwalta ta jiƙe, kowace fitila sai ta zama biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, wannan garaɓasar takan yi wuya.

Aikin dai na mai haƙuri ne. Idan haske ya yi ƙaranci, dole idon kyamara ya daɗe a buɗe, wani lokaci daƙiƙa guda cur. A wannan ɗan tsakanin fitilun tasi sukan zama dogon zare, hannu kuma ko kaɗan ya motsa, hoto ya lalace. Shi ya sa masu sana'ar ke kafa kyamara a kan ƙafa uku ko su jingina da bango. Wayoyin zamani dabara suke yi: su ɗauki hotuna da dama a jere su haɗe su wuri ɗaya.

Sana'ar tana da magabata. Brassaï ya yi suna da hotunan birnin Paris da dare a farkon shekarun 1930. Malick Sidibé ya bi samarin Bamako wuraren rawa, ya ɗauki shahararren hotonsa na daren Kirsimeti a 1963. Jean Depara ya yi irin wannan a Kinshasa, Philippe Koudjina kuma a Yamai. Sidibé da Depara da Koudjina filashi suka fi dogara da shi, kuma mutane da kansu ke neman a ɗauke su.

Yau sai an yi sallama an nemi izini, don ba kowa ke son fuskarsa a Facebook ba. Fadar shugaban ƙasa da wuraren sojoji kuwa ba a nuna musu kyamara. Bayan juyin mulkin 30 ga Agusta 2023, dokar hana fitar dare ta shafe fiye da shekara tana aiki a birnin, ta riƙa kora masu kyamara da masu nama gida lokaci guda.