Hasumiyar Jamestown da Mazan da Suka Yi Dakon Akra a Kan Teku

A unguwar Jamestown ta birnin Akra, daidai inda tudu ya gangara bakin teku, akwai wata doguwar hasumiya mai fenti ja da fari, tsayinta mita 28. Turawan Ingila ne suka fara kafa fitila a nan a 1871, shekara shida kafin su ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast su kawo ta Akra. Ginin da ke tsaye yanzu na shekarun 1930 ne, kuma an yi shi yadda matuƙin jirgi zai hango haskensa daga nisan kusan kilomita 30.

Galibin masu yawon buɗe ido hoto suke ɗauka su wuce. Ni a ganina sun bar abin kallo a baya, domin labarin hasumiyar yana cikin ruwan da ke ƙarƙashinta. Akra ba ta da gaɓar da babban jirgi zai iya matsowa. Igiyar ruwa tana dukan bakin da ƙarfi dare da rana, har katangar da Turawa suka gina don karya ta yashi ya taru a bayanta ya cike wurin. Saboda haka a da jiragen sukan tsaya can nesa su saki anga, fitilar ce ke nuna musu sun iso.

Sauran aikin na 'yan kwale-kwale ne. Maza ne majiya ƙarfi, sukan jeru a gefen jirgin katako da filafilai a hannu, suna waƙa don bugun ya zo ɗaya. Su cicciɓi buhunan koko a ka, su kutsa cikin ruwa har ƙirji, su loda, sannan su jira igiya ta lafa na ɗan ƙiftawar ido su ƙetare. In lissafi ya kuskure, kaya da mutane duk sai cikin ruwa. Fasinjoji kuwa a wata kujerar katako ake ɗora su, a zuro su da igiya daga saman jirgi. A haka dukiyar ƙasar da ta zama kan gaba a duniya wajen koko ta riƙa fita, har aka buɗe tashar Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, wadda ta kashe wannan sana'a a Akra.

Mu ma Hausawa muna da rabo a nan. Da jiragen tururi suka fara zirga-zirga, fataken goro sun ga cewa huhun da ke cin watanni a kan jakai ta hanyar Gwanja zai iya isa Legas cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi suna a wannan fatauci ta teku a farkon ƙarni na 20, kuma Akra na cikin garuruwan da ya yi harka.

Wanda ya daure ya hau matakalar da ke murɗawa cikin hasumiyar zai fito kan wani ɗan baranda inda iska ke kaɗawa ba sassauci. Dab da shi ga James Fort, ganuwar da kamfanin bayi na Ingila ya gina a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Gaba kaɗan ga Ussher Fort da mutanen Holan suka gina. A ƙasa kuma kwale-kwalen masunta 'yan ƙabilar Ga ne jere, kowanne da tutarsa, hayaƙin bandar kifi na tashi, ga sabuwar tashar masunta da ƙasar Sin ta ɗauki nauyi aka buɗe a 2024. A wannan unguwa ce kuma aka riƙa yin bikin zane-zane na Chale Wote, mai cunkoso da kiɗa, wanda aka fara a 2011.